Turken Kwandasta

Ina da wata 'yar matsala da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba sai bana: ba na jin ƙarshen magana. Farkonta nakan ji sarai, har da gyaɗa kai. Amma kafin mai maganar ya kai tsakiya, ni na riga na saki hanya, na bi wani tunani kamar akuyar da ta hango ɓaraka a shinge. Rahmatu, matata, ta ce ko huɗubar Juma'a rabi nake kawowa gida.

Sana'ata huɗa. A ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa gonaki a manne suke da juna, in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya amsa daga tasa, saboda haka kowa ya san shanun kowa. Nawa kuwa har baƙi sun san su. Farare ne tas, garke ɗaya suka fito, tsayinsu ɗaya, ƙahonninsu kamar hannu ɗaya ne ya zana. Yaran unguwa suka raɗa musu suna Direba da Kwandasta, don na hagun ba ya cewa uffan, na daman kuma bakinsa ba ya hutawa. Ni ba wani kyau gare ni ba, amma in na riƙe garma na bi bayansu da sanyin safiya, ƙasa tana tsagewa gida biyu, balbelu suna biye da mu, har ni nakan yi kyau. Masu wucewa a bas sukan leƙo ta taga. Na san shanun suke kallo, amma nakan gyara hula.

Bayan girbin kaka, Kwandasta ya kwanta ciwo. Da ƙyar muka samu muka yanka shi. Da mahauci ya farke tumbinsa, ledoji aka tarar a dunƙule kamar gammo, har da maɗaurin silifa.

Aka bar ni da Direba da turke biyu. Kullum da yamma nakan zuba harawa a kominsa, sannan hannuna da kansa ya zuba a na Kwandasta. Da fari mantuwa ce, daga baya na bar ta a haka don kada Direba ya ga wurin wayam. Da safe nakan tarar da komin a share, na san Rahmatu ce ke kwashe wa awakinta, ban kuma taɓa yi mata magana ba. Abin da ke karya mini zuciya shi ne yadda Direba yake jan igiya, ya miƙa wuya wajen turken ɗan'uwansa, yana huci a hankali. Na ce a raina, ashe dabba ma ta san makoki.

Sai dai sa ɗaya ba ya jan garma. Kuma san huɗar da ya yi damina guda bai shiga karkiya ba, ya tashi daga ma'aikaci ya koma nama. Masu gonakin da nake yi wa huɗa ma ba za su jira ni ba, in ruwa ya sauka kowa garmar da ya gani a gabansa zai bi. Wannan duka na sani. Sanin ne dai bai hana ni barci ba.

Wanda ya fara kawo mini mafita Bunu ne. Bunu Babarbare ne, kakansa ya zo fatauci daga gabas ya ga ƙasa ya zauna. Yana da ɗan shagon hatsi a bakin titi da gona a bayan makarantar firamare. Tun muna yara ya gano cewa kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, tun daga ranar ban sake shan ruwa a gabansa cikin kwanciyar hankali ba. Shi ma sa ɗaya ya rage masa, ya sayar da ɗayan lokacin bikin 'yarsa Hamsatu.

"Kai Bafulatanin da ya rasa garke," ya ce da ni wata rana a ƙofar gidansa, "kai ɗaya, ni ɗaya. Mu haɗa karkiya bana. Amma ka ji, in ruwa ya..."

A nan idona ya faɗa kan sansa. Baƙi ne, gajere, ƙaho ɗaya ya kalli sama, ɗaya ya kalli Makka. Janareta ake ce masa saboda gunaguni. Na zana shi a raina gefen Direba: karkiya ta karkace, masu bas suna leƙowa suna dariya, balbelu ma sun canja gona. Na ga bakin Bunu yana ta motsi. Da ya tsaya na ce, "Za mu duba. Ka san yana cikin makoki."

"Wa?"

"Direba."

"To Allah ya ba shi haƙuri. Ka ce ina gaishe shi, in an yi arba'in a sanar da ni."

Bunun nan dai shi ya sa mini wani wasan yaƙi a waya. A duk ƙauyen, inda sabis ya fi ƙarfi shi ne gindin wani gawo a kan tudu, can ƙarshen gonar marigayi mahaifina. Da rani, in an yi azahar, mu biyu mukan shimfiɗa buhu a nan. Gawo ka san halinsa, lokacin da kowace bishiya ta tuɓe shi yake sa riga. Wasan kyauta ne, data kawai yake ci, sai tallace-tallace da yake tilasta maka kallo, na wasu katifu da ba a sayarwa a Kano. Ana ba ka butumbutumi, wata irin mota ce mai ƙafafu a madadin taya, da bindigogi a kafaɗa. A sauke ka a fili tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba, ku yi ta ɓarin wuta da wasu mutanen da su ma ba ka taɓa gani ba.

Ni faɗan bai dame ni ba. Filayen ne suka kama ni. Akwai wani mai jar ƙasa, ba shinge, ba iyaka, ba maƙwabci, ga wata biyu a sama da rana tsaka. Ƙasar a ido irin mai son gyaɗa ce. Ana can ana kashe juna, ni kuwa sai in juya motata in yi ta tafiya a hankali gefen filin, ina jin takunta, dif, dif, ƙura tana tashi tana sauka. Iskar bazara tana kaɗa ganyen gawo a kaina, kurciya tana kuka nesa, sai in rasa ko a Tsanyawa nake ko a can. Galibi wani yakan zo ta baya ya tarwatsa ni.

"Kai ba yaƙi kake ba, kewayen gona kake," in ji Bunu.

Motar da na fi so wata fara ce mai faɗin ƙirji da ɗan tozo a baya inda injinta yake. Ba ta da sauri. A garejin wasan, in ba a taɓa ta ba, takan yi ɗan motsi da kafaɗa kamar mai numfashi.

Wasan yana raba akwatin kyauta lokaci-lokaci. Yawanci tarkace ne a ciki, kusoshi da fenti. Wata rana na taɓa akwatin, ya yi ta juyi yana walƙiya, ya buɗe, sai ga farar motata ta fito. Ba ita ba, wata irinta. Ƙirji ɗaya, tozo ɗaya, har ɗan motsin kafaɗar. Na daɗe ina kallonta. Wani rubutu ya fito da Turanci, na miƙa wa Bunu, shi ne ya yi sakandare.

"Cewa suka yi kana da irinta. Ka danna nan a narkar da ita a ƙara wa ta farkon ƙarfi."

"A narkar?"

"Haka kowa ke yi. Ni na narkar da sun fi a ƙirga."

"Shi ya sa Allah bai ba Barebari shanu ba."

"Saurara mana, bawana. A wasan nan in kana da iri ɗaya guda biyu, amfaninsu..."

Ya miƙo mini wayarsa yana nuni da yatsa. Shi yana tsakiyar faɗa a jan filin nan. Can bayan motarsa na hango wasu motoci biyu, shuɗaye, iri ɗaya sak, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ƙafar hagu tare, ƙafar dama tare. A saman kowacce akwai suna da wani rubutu mai kama da sawun kaji, ni dai a idona suna ɗaya ne. Na ce a raina, ga wani bawan Allah can a wata ƙasa da ya san abin da ya dace. Suka bi ta gindin wani dutse, ƙura ta rufe su. Da na dawo hayyacina Bunu yana cewa, "...ka gane ko?"

"Na gane," na ce.

Garejin wasan gurbi ɗaya yake ba wa sabon shiga, wato mota ɗaya ke tsayawa a shirye, sauran suna ajiye a baya. Akwai gurbi na biyu a gefe, da kwaɗo a jiki. Ni turke nake ce masa. Ana buɗe shi da zinariyar wasa, wadda ko ka saya da kuɗin gaske, ko ka tara ta kamar mai kalar gyaɗa, ƙwaya-ƙwaya, ta hanyar faɗa da kallon tallar katifa. Na zaɓi kala.

Haka na ci ragowar rani. Na raba musu komai daidai. In na ƙara wa ɗaya sulke, sai na ƙara wa ɗayar kafin in tashi. Yau wannan ta fita, gobe waccan. Manyan bindigogi biyu gare ni, maimakon in ɗora wa mota ɗaya duka, na sa wa ɗaya a kafaɗar hagu, ɗayar a kafaɗar dama, don in sun jera bindigogin su kalli waje, tsakiya ta zauna fili. Duk mai huɗa ya san abin da ake barin tsakiya dominsa.

Bunu ya duba ya riƙe baki. "Ka mayar da soja ɗaya rabin soja biyu. Shi ya sa ake fige ka kamar kazar biki."

Ban kula shi ba. Bai san abin da nake gani ba. In na rufe ido a gindin gawon nan bayan la'asar, nakan gan su a jan filin, farare biyu, da karkiyar ƙarfe a wuya. Ni ina baya da garma, ƙarami kamar tururuwa. Kunya ɗaya mukan ja tun daga inda aka sauke mu har inda ƙasa ta haɗu da sama, ba juyawa, don ba gonar kowa a gaba. Masu harbe-harben duk sun tsaya sun sauke bindigogi suna kallo. Wani lokaci har balbelu nakan gani, ko da yake ban san me za su ci a can ba. In na buɗe ido sai in tarar waya ta mutu, tururuwa na gaske sun hau mini ƙafa.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba ta ɓangaren Direba. Na shiga bas na je Ɗambatta ranar kasuwa, ba sau ɗaya ba, na zagaye kara tun daga bakin shiga har inda ake loda tireloli. Na ga wani fari da ya kusa, amma yana da ɗigon baƙi a kunne. Dillalin ya ce, "Alhaji, da kunne zai ja garmar?" Na ce masa ba zai gane ba. Na dawo da rake da ƙura.

Wata safiya Rahmatu ta same ni a turke ina shafa wuyan Direba.

"Malam, matar Bunu ta ce mijinta yana jiran amsa."

"Na sani."

"Masu gona biyu sun zo jiya suna tambaya ko bana za ka yi. Na ce ka tafi ofis."

"Wane ofis?"

"Gindin gawo mana."

"Rahmatu, dubi yadda yake jan igiya. Dabbar nan ba ta shirya karɓar baƙo ba."

Ta dube shi, ta dube ni. "Ai shi jan igiyar nan da kake gani..." Daidai nan wata guguwa 'yar ƙarama ta taso daga bayan rumbu, ta ɗauki ganye tana juyi da shi, na bi ta da ido har ta haye katanga. Na ji ƙarar tafiyar Rahmatu ta koma ciki.

Gawo ya fara zubar da ganye. Kullum inuwar tana raguwa, muna jan buhu muna bin ta. Gabas ta fara haɗa gira. Sannan wata rana da hantsi ruwa ya sauka, irin wanda ke sa ƙasa ta yi ƙamshin da ba a sayarwa. Gari ya fita shukar gero, mu ma muka yi tamu. Saura huɗar gyaɗa da wake, wadda ita ce kasuwarmu, in ruwa na gaba ya jiƙa ƙasa sosai.

Bunu ya tare ni a hanyar masallaci. "Sama'ilu, yau dai ba wasa. E ko a'a?"

Zinariyata saura ƙiris ta kai. Na yi wa kaina alkawari: in gan su tare sau ɗaya, su jera a jan filin nan, ko taku goma ne. In na ga haka na ƙoshi, sai in haƙura da fari biyu, in kai Direba wajen Janareta, masu bas su yi dariyarsu. Ban iya faɗa wa Bunu haka ba, mutum mai furfura a gemu. Na ce, "Ka ba ni kwana kaɗan."

Ya yi wata magana. Na tuna da cewa ya ɗaga yatsa yana nuna sama.

Ruwa na biyu ya zo da ƙarfi, ya kwana yana yi. Da gari ya waye, ƙasa ta yi laushi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Na ji ƙarar sarƙoƙi da "haa, haa" na masu huɗa ta ko'ina. Ni kuwa na ɗauki waya na hau tudu. Gawo ya tuɓe tas, ba inuwa, buhun ya jiƙe, na tsuguna a kan saiwa. Tallar katifa ta ƙarshe ta ƙare. Na taɓa kwaɗon, ya fashe.

Ga su nan a gareji, gefe da gefe. Ta hagu da bindiga a hagu, ta dama da bindiga a dama. Suna ɗan motsa kafaɗa, ba tare ba, ɗaya na bin ɗaya, yadda nawa suke yi in sun gama aiki suna tuƙa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallonsu ba. Na goge gilashin wayar da bakin riga. Na yi bisimilla na danna shiga fili, Allah kuma ya sa jan filin ne ya fito, da watansa biyu.

Wasan ya nuna mini su biyun, ya ce in zaɓa. Na danna duka biyu da yatsa biyu. Ya ɗauki ta hagu.

Ta sauka ita kaɗai. Na tsaya ina jira. Na juya ta dama, na juya ta hagu, na kalli sama ko ɗayar tana tafe. Abokan faɗa suka wuce ni a guje. Na ce wataƙila sai an ɗan taka, na taka, dif, dif, na bar mata wuri a dama. Ba kowa a wurin sai inuwa. Can wani jan butumbutumi mai tsalle kamar fara ya zo ya same ni da rabin bindigogi, ya yi abin da aka saba yi mini. Ta durƙusa, hayaƙi ya tashi.

Sai wasan ya nuna mini ta dama, ya ce ga ta, in ina so.

Ta sauka a daidai inda 'yar'uwarta ta sauka. Na tuƙa ta har inda gawar take, baƙa ƙirin tana hayaƙi. Na tsayar da ita a gefenta, ta dama. Iyakar jerawar da suka yi ke nan. Jan nan mai tsalle bai yi nisa ba.

Na sa wayar a aljihu na sauko. Na kwance Direba, na saɓa karkiya a kafaɗa, muka nufi bayan firamare. A hanya na shirya abin da zan faɗa, har da ɗan karin magana a kan haƙuri. Na ji zuciyata ta yi sauƙi, na ce lallai Allah yana koyar da bawansa ko da ta waya ne.

Tun daga nesa na ji gunagunin Janareta. Yana cikin karkiya, a gefensa wani jan sa dogo mai rama, na Kamaruddeen mai faci. Karkiyar ta karkace kamar yadda na zana, har ta fi. Kunyoyin da ke bayansu kuwa a miƙe suke kamar an ja da zare. Kamaruddeen yana gaba da igiya, Bunu yana riƙe da garma, laka har gwiwa. A bakin gonar mutum uku suna tsugune suna jiran layi, biyu daga ciki masu gonakin da na shekara ina yi wa huɗa ne. Suka gaishe ni suna kallon ƙasa.

Bunu ya kai ƙarshen kunya ya tsaya. "A'a, an fita takaba ke nan?"

"Na zo ne mu haɗa."

"Sama'ilu, me na ce maka a ƙofar gidana? Na ce in ruwa ya jiƙa ƙasa ban ji daga gare ka ba, zan haɗa da Kamaru. Na sake faɗa maka a hanyar masallaci, har na nuna maka hadari."

"Na ga ka nuna sama."

"Ka zaci wa'azi nake?" Ya share gumi. "Ka buɗe turken naka?"

"Na buɗe."

"Ɗaya-ɗaya suke fita ko?"

"Ka sani ashe."

"Kai! Ranar da akwatin ya ba ka ita na gaya maka. Ko ka narkar da ita ta farko ta ci, ko ta zauna ta jira ta farko ta mutu. Shuɗayen da ka ƙura wa ido ma mutum biyu ne, kowa da tasa. Ka ce ka gane."

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

"Gonarka dai ba za ta kwana ba," in ji Bunu. "In mun sallami waɗannan za mu shigo taka. Ka bi layi, bawana. Kuma ka tanadi fura, ka san mu ma'aikata ne."

Na juyo da Direba. Bai ko kalli Janareta ba. Muka bi ta tsakanin gonaki, shi yana gaba, ni da karkiya a kafaɗa, balbelu suna wuce mu zuwa inda ake aiki. Na yi ta ba shi haƙuri a hankali. Na ce masa wataƙila haka ya fi, wanda ya saba da ɗan'uwansa ba a tilasta masa baƙo, ni da shi mun san abin da muka rasa ko duniya ba ta sani ba.

A gida na ɗaure shi a turkensa. Nan take ya ja igiya, ya miƙa wuya wajen turken Kwandasta. Rahmatu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki.

"Kin gani ko?" na ce. "Har yau bai manta ba. Daga yau ki daina kwashe wa awaki harawar can, a bar masa ko ƙamshin wurin ne."

Ta ajiye rariya. Wannan karon na saurara har ƙarshe.

"Malam, ni ban taɓa taɓa harawar nan ba. Igiyarsa tana kaiwa."